Nunar Baya: Jiran da Iri Ke Yi Kafin Ya Tsiro

Nunar baya ita ce sauye-sauyen da ke ci gaba a cikin ƙwayar iri bayan ta rabu da uwarta, waɗanda sai sun kammala ƙwayar ke iya tsirowa. A Turance masana tsirrai suna kiranta after-ripening, Jamusawa kuma suna cewa Nachreife, ma'anar dai ɗaya ce: nunar da ke biyo bayan nuna. Sunan ya zauna daidai, domin nunar iri hawa biyu ce. Ta farko ido na ganinta. Zangarniya ta bushe, ƙwaya ta yi tauri, manomi ya gatsa da haƙori ya ce amfani ya isa yanka. Ta biyu kuwa a ɓoye take gudana, a rumbu ko a buhu ko a cikin ƙasa, kuma ita ce ke mayar da abinci ya zama iri. Shinkafar da aka casa yau ana iya dafa ta yau, amma a wasu nau'o'in idan aka jiƙa ta don shuka, ko rabinta ba za ta fito ba. A jingine buhun nan a ɗaki busasshe na wata biyu, a sake jiƙawa, sai a ga kusan kowace ƙwaya ta fasa. Ba a ƙara mata komai ba a tsakani. Lokaci da iska da ɗumi ne kawai suka yi aikinsu.

Halin da ƙwaya ke ciki kafin wannan aiki ya ƙare shi ake kira barcin iri, kuma ya bambanta da abubuwa biyu da ake yawan rikita shi da su. Irin da ya mutu ba zai tsiro ba ko me aka yi masa. Idan ya sha ruwa sai ya yi laushi ya ruɓe. Irin da ke ajiye a tulu a bushe shi ma bai tsiro ba, amma ruwa kawai yake jira, yana samu zai tashi. Mai barci kuwa yana da rai, an ba shi ruwa, an ba shi iska da ɗumin da ya dace, amma ya ƙi motsi, saboda abin da ya tare shi a cikin jikinsa yake, ba a waje ba.

Abin da ke tare iri ba ɗaya ba ne. Wata masaniya 'yar Rasha, Marianna Nikolaeva, ta tsara rabe-rabensa a shekarun 1960 da 1970, daga baya Jerry Baskin da Carol Baskin na Jami'ar Kentucky a Amurka suka daidaita tsarin a 2004 zuwa gida biyar. Ga mai noma da mai lambu, uku daga ciki sun isa. Akwai irin da ɓawonsa ne ya hana ruwa shiga, kamar 'ya'yan kuka da bagaruwa da gawo. Wannan ba nunar baya yake jira ba, ƙofa yake jira a buɗe masa, shi ya sa masu rainon itatuwa ke zuba masa ruwan zafi ko su kankare gefensa, a daji kuma cikin akuya da raƙumi kan yi wannan aikin. Akwai irin da ɗan tayin da ke cikinsa bai gama girma ba lokacin da ya faɗo daga uwa. Akwai kuma wanda ɗan tayinsa cikakke ne, ruwa na shiga ba matsala, amma sinadaran jikinsa ne suka ɗaure shi. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne gidan nunar baya, kuma na ukun shi ya fi yawa a duniya. A ɗaya gefen akwai 'ya'yan da ba su san jira ba sam, irin su kaɗanya da mangwaro da koko, waɗanda idan suka bushe sun mutu ke nan. Wanda ya ajiye ƙwallon kaɗanya wata shida da nufin ya ƙarasa nuna, asara kawai ya ajiye.

Dalilin wannan jira yana bayyana ga duk wanda ya dubi yadda shekara ke juyawa. A yankin Sahel ciyayin daji da yawa suna zubar da 'ya'yansu ne a ƙarshen damina, ƙasa tana da sauran laima, kuma ba abin mamaki ba ne a sami ruwa ɗaya ko biyu na bankwana a watan Oktoba. Ƙwayar da ta amsa wannan ruwa ta tsiro, hunturu zai same ta tana jaririya, ga wata bakwai ko takwas babu ɗigo. Wadda ta yi barci ta tsallake tarkon. Tana kwance a ƙasa duk tsawon rani, zafin bazara da kan sa fuskar ƙasa ta haura digiri 50 a ma'aunin Selsiyas yana gasa ta, kuma wannan gashin shi ne ke kwance mata ɗaurin. Lokacin da ruwan shuka ya sauka ta shirya. Ko a nan ma ba duka ke tashi tare ba. 'Ya'yan uwa ɗaya wasu kan farka da ruwan farko, wasu sai na uku, wasu sai baɗi, don haka idan ruwan farko ya yaudari mutane ya ɗauke, akwai saura a ƙasa. A ƙasashen sanyi lissafin ya juya: bishiya na zubar da 'ya'ya a kaka, abokin gaba shi ne ƙanƙara, don haka irin yana ƙidayar kwanakin sanyi ne, ba na zafi ba.

Nunar da ta fi shafar manomin hatsi ita ce ta a bushe. Haka alkama da sha'ir da shinkafa da dawa da ciyayi masu yawa suke rabuwa da barcinsu, kuma abu biyu ke mulkin saurinta: zafi da yawan laimar da ke cikin ƙwaya. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka kafa wannan ilimi a Afirka ta Yamma aka yi shi. A farkon shekarun 1960 wani masani ɗan Ingila, Eric Roberts, yana aiki a tashar binciken shinkafa ta Rokupr a Saliyo, ya riƙa ajiye sabuwar shinkafa a zafi daban-daban yana ƙirga kwanakin da take ɗauka kafin ta yarda ta tsiro. Ya gano cewa abin yana bin ƙa'ida tsayayya: duk ƙarin digiri 10 na zafi yana ninka saurin nunar kusan sau uku. Ya kuma ga cewa yawan iskar oksijin a wurin ajiya na gaggauta ta. Daga irin wannan sani ne aka samo dabarar da cibiyoyin bincike ke bi har yau, ciki har da cibiyar shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Filifin: a sa busasshiyar sabuwar shinkafa a tanda mai zafin digiri 50 na kwana huɗu ko biyar, jiran makonni ya koma na kwanaki.

Batun laima ya fi ban sha'awa, domin ba bushewa tsantsa ake so ba. Gwajin da aka yi a Amurka kan jar shinkafar da ke fitowa a matsayin ciyawa a gonaki ya nuna nunar ta fi sauri idan laimar ƙwaya tana tsakanin kashi 6 da 14 cikin 100. Idan ta yi ƙasa da 5 ko ta haura 18, abin ya kusa tsayawa cak. Sanyi ma haka yake daskarar da ita. A rumbunan adana iri na duniya, kamar na Svalbard a Norway da aka buɗe a 2008, inda ake ajiya a digiri 18 ƙasa da sifili, irin da ya shiga yana barci zai iya fitowa bayan shekaru yana barcinsa. Rumbun ƙasa na gargajiya, mai ɗumi, busasshe, mai barin iska ta ɗan ratsa, yana cikin wuraren da suka fi dacewa da wannan aiki, ko da ba don shi aka gina shi ba.

Nunar baya ba kamar kunna fitila take ba, a ce jiya babu yau akwai. A hankali take faɗaɗa sharuɗɗan da iri zai amince da su. Sabon sha'ir ko alkama na iya tsirowa a sanyin digiri 10 amma ya ƙi a 25 ko 30. Bayan ajiya sai ya yarda da duka. Sabon irin latas yana neman haske da sanyi-sanyi, wanda ya kwana biyu kuma ya rage tsirfa. Shi ya sa amsar tambayar ko iri ya gama nuna ta dogara da inda za a shuka shi da lokacin.

Me ke faruwa a cikin ƙwayar? Sinadarai biyu ne ke jan igiya. Na farko shi ne asid absisik, wanda ake taƙaitawa ABA, mai riƙe iri kada ya tsiro. An gano shi a farkon shekarun 1960 ta hanyoyi biyu a lokaci guda: Frederick Addicott da abokansa a Kaliforniya suna binciken abin da ke sa 'ya'yan auduga zubewa, Philip Wareing da nasa a Wales suna binciken barcin tohon itatuwa, sai aka tarar abu ɗaya suka kama. Ƙwaya tana tara shi tun tana jikin uwa, kuma ana ganin amfaninsa ƙarara a wasu nau'o'in masara da suka rasa shi ta hanyar gado, waɗanda 'ya'yansu ke tsirowa tun suna manne da totuwa. Na biyu shi ne jibarelin, mai tunzura tsiro, wanda labarinsa ya faro daga wata cutar shinkafa da ke sa shuka ta yi tsawo fiye da kima ta faɗi. Wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya nuna a 1926 cewa wani abu ne da naman gwarin cutar ke fitarwa, daga baya aka gane tsirrai ma suna yin nasu. Idan sabon iri ya sha ruwa, yana ci gaba da ƙera ABA, ɗaurin ya zauna. Idan wanda ya gama nunar baya ya sha ruwa, cikin sa'o'i yake rushe ABA ɗinsa, ya rage jin maganarsa, jibarelin ya karɓi ragama, saiwa ta huda ɓawo.

A hatsi masu ƙaiƙayi manne, kamar shinkafa da sha'ir, rigar ƙwayar ma tana da hannu. Tana ɗauke da sinadaran da ke shanye oksijin kafin ya kai ga ɗan tayi, shi kuwa rushe ABA sai da oksijin. Wannan ne ya sa idan aka ɓare ƙaiƙayin sabuwar shinkafa da hannu, sau da yawa sai ta tsiro alhali 'yar'uwarta mai riga tana kwance.

Tsawon jiran gado ne, amma yanayi na ƙara masa ko ya rage. Wata 'yar ciyawa dangin kabeji mai suna Arabidopsis, wadda masana ke gwaji da ita, ta taimaka wajen gano haka. Nau'inta da aka samo daga tsibiran Cape Verde yana barcin watanni, na ɗakin gwaji a Turai kuwa na ɗan lokaci kaɗan. Ta hanyar auratayya tsakaninsu, Leónie Bentsink da Maarten Koornneef da abokan aikinsu suka ware wata ƙwayar gado a 2006 da suka kira DOG1. Gwargwadon yawan furotin ɗinta a cikin iri lokacin da ya nuna, gwargwadon tsawon barcinsa, kuma uwar da ta yi 'ya'ya cikin sanyi ta fi cusa musu shi. A alkama da sha'ir ma an daɗe da sanin cewa hatsin da ya cika cikin sanyi ya fi nauyin barci a kan wanda ya cika cikin zafi. Don haka nau'i ɗaya, a gona ɗaya, na iya bambanta tsakanin bana da bara.

Akwai wani abin ɗaure kai a nan. Ƙwayar da laimarta ba ta wuce kashi 10 ba kusan ba ta numfashi, cikinta a daskare yake kamar gilashi, ayyukan rai sun tsaya. To wa ke aikin nunar? Amsar da hujjoji suka fi goyon baya ita ce aikin ba ya buƙatar mai yi, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe ba tare da kowa ya sa hannu ba. Oksijin na ratsa busasshiyar ƙwaya a hankali yana taɓa mai da furotin da saƙonnin gado da uwa ta ajiye a ciki. Masu bincike a Paris ƙarƙashin Christophe Bailly sun nuna a irin sanfulawa cewa ba kowane abu yake taɓawa daidai ba, akwai waɗanda ya fi kamawa, kuma lalacewarsu na tafiya tare da kwancewar barcin. Sai dai wannan tsatsa ba ta san tsayawa ba. Kaɗan daga cikinta na tayar da iri, mai yawa kuma na kashe shi. Nunar baya da tsufan iri hanya ɗaya suke bi, ɗaya a farkonta ɗaya a ƙarshenta. Wani masanin iri na Kaliforniya, James Harrington, ya bar ƙa'idar da ake aiki da ita: ƙarin kashi 1 na laima yana rage rayuwar iri da rabi, haka ma ƙarin digiri 5 na zafi. Zafin da ke gaggauta farkawa shi ne kuma ke gajarta kwana, kuma wannan ne ya sa ba a gasa iri sai wanda za a shuka nan kusa.

Itatuwan ƙasashen sanyi nasu salon daban ne: a jiƙe suke nuna, cikin sanyi. A kansu ne ma aka yi ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen farko na abin, lokacin da Sophia Eckerson ta Jami'ar Chicago ta bi sauye-sauyen da ke faruwa a cikin 'ya'yan wata bishiya mai ƙaya dangin tuffa, ta wallafa a 1913. Irin tuffa yana buƙatar kwana 60 zuwa 90 a cikin yashi mai laima a sanyin digiri 4 ko 5. Idan aka ciro ɗan tayinsa aka tilasta masa tsiro ba tare da wannan sanyi ba, sai ya fito wada, ganye a cunkushe, kara ya ƙi tsawo. Wanda ya tofar da ƙwayar tuffa a tukunya a Kano ya jira bai ga komai ba, ba ƙasar ce ta ƙi ba. Firji irin yake nema.

Masu ɗan tayin da bai gama girma ba kuwa nunarsu girma ce ta zahiri, wadda ake iya aunawa idan an tsaga ƙwaya. Karas yana cikinsu, shi ya sa yake jan ƙafa a kan sauran kayan lambu, haka ma dangin gwandar daji.  Amma misalin da ya fi kusa shi ne kwakwar manja, wadda idan aka bar ta da halinta take fitowa jefi-jefi cikin watanni masu yawa, abin da ba zai yiwu a kafa gandu da shi ba. A cibiyar binciken kwakwar manja da ke kusa da birnin Benin, wadda a yau ake kira NIFOR, aka warware matsalar a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960. Ana rage laimar irin zuwa kusan kashi 17 ko 18, a ɗaure shi a leda, a ajiye a ɗaki mai zafin digiri 39 zuwa 40 na kwana 60 zuwa 80, sannan a jiƙa shi a mayar da shi zafin ɗaki, sai ya fashe kusan tare cikin 'yan makonni. Gandayen Malesiya da Indonesiya har yanzu a kan wannan tushe suke tayar da irinsu. Goro ma yana da nasa jiran: wanda aka ɓare yanzu ya fi jinkirin tsiro a kan wanda aka adana, sai dai shi a lulluɓe cikin ganye yake jira, don bushewa na kashe shi.

Amfanin gona ya fi danginsa na daji gajeren barci, kuma manoman farko ne suka jawo haka ba da gangan ba. Tun lokacin da aka fara noman gero, wanda tsoffin alamunsa a kwarin Tilemsi na Mali suka kai kimanin shekara 4,500, duk ƙwayar da ta tsiro nan take bayan shuka ita ke kaiwa ga girbi ta shiga irin baɗi. Mai jinkiri ta makara, an nome ta tare da ciyawa. Bayan ɗaruruwan damuna sai barcin ya yi sauƙi. Inda yake da amfani kuwa ya zauna. Shinkafar Afirka ta asali, wadda aka daɗe ana nomawa a fadamun Sakkwato da Kabi da kuma tsakiyar kogin Neja a Mali, ta fi yawancin shinkafar Asiya nauyin barci, abin da ya dace da amfanin da kan nuna ƙafarsa cikin ruwa.

Idan barcin ya yi ƙaranci, asarar a gona take faruwa. Gyaɗa mai tsayuwa mai saurin nuna, kamar 'Yar Dakar, ba ta da barci. Idan ta nuna aka yi jinkirin cira ruwa ya sake sauka, sai ta tsiro a cikin kwansonta a ƙasa, ga rage nauyi, ga buɗe ƙofa ga ruɓa. Mai yaɗo kuwa tana iya jiran makonni ko watanni. Masu kyautata iri sun daɗe suna neman haɗa saurin ta farko da ɗan barcin ta biyu, kuma nau'in 73-30 na Senegal yana cikin waɗanda suka dace da haka. Dawar gargajiya, kaura da farfara, ta bi wata hanyar: tana auna tsawon yini, ta ƙi fitar da kai sai damina ta zo ƙarshe, ƙwayarta ta nuna cikin bushewa. Nau'o'in gaggawa da ke nuna ana tsakiyar ruwa su ne ke fama da baƙin fumfuna da tsiro a kan zangarniya. A Turai da Amurka da Kanada alkama ce ke shan wannan wahala idan aka yi ruwa lokacin girbi, musamman fara. Ƙwayar da ta fara motsi tana sakin sinadarin da ke narkar da sitaci, kamar dai yadda ɗan garin tsiro ke tsinka kunu mai kauri, burodinta kuma sai ya yi danƙo. Masu saye na aunawa da gwajin da Sven Hagberg da Harald Perten suka ƙirƙira a Sweden wajen 1960: a dama gari da ruwan zafi, a saki sanda a ciki, a ƙirga daƙiƙun da za ta yi kafin ta nutse. Alkamar rani ta Kadawa da kwarin Haɗeja, da ake yankewa a tsakiyar bushewa, ba ta cika sanin wannan matsala ba.

Idan kuma barcin ya yi yawa, masu jira ne ke biya. Masu yin malt, wato tsiron hatsi na masana'anta, suna son aƙalla kashi 95 na sha'ir ya tsiro cikin kwana uku, don haka a shekarar da ya zo da nauyin barci sai sun ajiye shi a rumbu mai ɗumi tukuna. Lokacin da Najeriya ta hana shigo da malt ɗin sha'ir a 1988 masana'antu sun koma ga dawa, kuma tambayar ba ta canza ba: shin wannan buhun zai tsiro yanzu, kuma tare?

Babu wanda ya ƙware da amfani da jira kamar ƙuduji, wato wuta-wuta, mai shanye gero da dawa da masara. Tsiro ɗaya na zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, kuma kowane yana da makulli uku a jere. Na farko nunar baya ce ta watanni a bushe, wadda ke hana shi tashi a ƙarshen damina lokacin da hatsin da zai kama ya riga ya bushe. Na biyu, bayan ruwa ya sauka, sai ya yi mako ɗaya ko biyu cikin laima da ɗumi. Na uku, sai ya ji ƙanshin wani sinadari da saiwar mai masaukinsa ke fitarwa, wanda aka fara warewa daga saiwar auduga a 1966 aka sa masa suna strigol. Idan bai ji ba sai ya koma barci, kuma yana iya yin haka shekara goma ko fiye. Dole ya yi wannan taka-tsantsan, domin guzurinsa na 'yan kwanaki ne. Idan ya tsiro babu saiwa kusa ya mutu. A nan ne kuma rauninsa yake. Auduga da waken soya da gyaɗa suna fitar da ƙanshin amma ba sa karɓar baƙon, sai ya tsiro a banza ya halaka. Juya shuka da waɗannan, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta daɗe tana ƙarfafawa a arewacin Najeriya, yana rage tarin da ke ƙasa, sai dai ba a damina ɗaya ba, tunda ba duka ke farkawa tare ba. Gonar da aka bar ƙuduji ya yi fure ya zuba sau ɗaya ta ɗauki bashin shekaru.

Inda nunar baya ta fi cizon manomi a yau shi ne noma sau biyu a shekara. Da, irin da aka girbe a kaka yana hutawa wata shida ko bakwai kafin shuka, babu mai lura da barcinsa. Yanzu mai shinkafa a Kabi ko Jigawa yana yanke ta damina a Nuwamba yana son zuba ta rani a Disamba, daga buhu ɗaya. Idan fitar ta yi tsalli-tsalli sai a zargi mai sayar da iri ko a ce ƙasa ce, alhali sau da yawa irin lafiyarsa lau, lokacinsa ne bai yi ba. Maganin ba mai tsada ba ne: a shanya shi sosai a rana na wasu kwanaki ana juyawa, ko a ware irin rani tun daga girbin da ya gabata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da bai kamata ba shi ne a ɗora iri mai laima a kan zafi mai tsanani, don zafin da busasshe zai jure yana dafa ɗanye. Mai neman shuka gamba don kiwo shi ma ya fi samun fita daga irin da ya yi watanni a ajiye. Ga masu lambu kuma akwai wata nunar da ke faruwa a cikin ɗan itacen kansa: kabewa da gauta da barkono, idan aka bar su suka nuna sarai, aka kuma ajiye su kwanaki bayan tsinka kafin a cire 'ya'yan, irinsu ya fi ƙarfi.

Rarrabe mai barci da matacce abu ne da ake iya yi a gida. A ƙirga ƙwaya 100 daga wurare daban-daban na buhu, a jera su a tsumma ko buhun algarara mai laima, a naɗe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a buɗe bayan kwana bakwai zuwa goma. Waɗanda ba su tsiro ba a matsa su da yatsa. Idan sun yi laushi, suna wari ko fumfuna ta rufe su, sun mutu. Idan sun kumbura amma suna da tauri da tsabta, barci suke, kuma sake gwajin bayan mako biyu ko uku zai nuna adadin na hawa. Ɗakunan gwajin iri suna ware irin waɗannan ƙwayoyi a gida na daban a rahotonsu, ba sa haɗa su da matattu, kuma suna da hanya mafi sauri da Georg Lakon ya samar a Jamus a shekarun 1940. Ana tsaga ƙwayar da aka jiƙa, a tsoma ta a ruwan wani gishiri marar launi mai suna tetrazoliyam. Duk naman da ke numfashi yana rinewa ja cikin sa'o'i, ko irin yana barci ko a farke, matacce kuma ya zauna fari.